Kin yi karatun jinya a gida, kina neman lasisin aiki a waje: amsoshin tambayoyin da aka fi aiko mini

Tun da na samu lambar rajistata ta aikin jinya a Ingila a 2022, wayata ba ta huta ba. 'Yan ajinmu na makarantar jinya, ƙannen ƙawaye, magidanta masu tambaya a madadin matansu, kowa da tasa. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne daga garinmu, abokin mahaifina, da ya kira ni bayan sallar isha'i ya ce, "'Yata, an ce in kawo miliyan huɗu a fitar da ƙanwarki, ga gona na sa a kasuwa, me kika gani?" Na ce, "Baba, don Allah a dakata da maganar gonar nan tukuna." A daren na fara rubuta waɗannan amsoshi. Da mace nake magana a ciki domin mata ne suka fi tambayata, amma 'yan uwa maza masu wannan aiki, duk abin da na faɗa ya shafe ku.

Ta ina ake farawa?

Ki fara da rarrabe abu uku da ake cakuɗa su: lasisi, aiki, da biza. Lasisi hukumar kula da aikin jinya ta ƙasar da kike so ce take bayarwa. Aiki asibiti ne yake bayarwa. Biza kuma ta hukumar shige da fice ce. Ofis uku ne, kowanne da ƙofarsa, babu mai yin aikin wani. Duk wanda ya ce miki zai haɗa miki ukun a dunƙule in kin ba shi kuɗi, to ki riƙe jakarki da kyau.

Sai ki zaɓi ƙasa ɗaya. Na ga masu biyan kuɗin Ingila yau, gobe su ji labarin Kanada su koma can, jibi Ostireliya, shekara biyu ta wuce ba su kammala ko ɗaya ba, sakamakon jarrabawar Turancinsu kuma ya mutu a hannu. In kin zaɓa, ki shiga shafin hukumar ƙasar da kanki ki karanta. A Birtaniya sunanta NMC. Abin da na rubuta a nan jagora ne, dokokin kuwa suna sauyawa, maganar shafinsu ita ce ta ƙarshe.

Takardar RN ta makarantar jinya ta isa, ko sai mai digiri?

Ga Birtaniya ta isa. Ni kaina da RN ɗin shekara uku na zo, kuma yawancin 'yan Najeriyar da muke aiki tare haka suke. Abin da NMC take dubawa shi ne karatun ya ba ki damar yin rajista a matsayin cikakkiyar nas a ƙasarki. Digirin BNSc yana da amfaninsa wajen ƙarin girma da ci gaba da karatu, kuma a ƙasashen Larabawa yana sauya matsayin da za a ajiye ki.

Akwai maganar da ba ta da daɗin faɗa, amma gara a ji ta da wuri. Wadda ta yi CHEW ko JCHEW, wato karatun ma'aikatan lafiyar al'umma, a makarantar kiwon lafiya ba nas ba ce a wurin waɗannan hukumomi, ko da a garinsu kowa "Sista" yake ce mata, ko da ita ce ke riƙe da asibitin ƙauye ita kaɗai shekara goma. Hukumar da ta yi mata rajista ma daban ce. Na san irin aikin da suke yi, da yawansu sun karɓi haihuwar da ta fi wadda na karɓa, amma hanyarsu ita ce su koma makarantar jinya su samu RN. Ungozoma kuma rajistarta daban take a Birtaniya, da jarrabawarta daban.

Da Turanci muka yi karatu tun firamare. Me ya sa za a sake gwada mu?

Domin Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da NMC ta ɗauka Turanci ne harshen mafi yawan jama'arsu. Abin yana ɓata wa mutane rai, ni ma ya ɓata mini a farko. Sai da na tsaya gaban wata tsohuwa 'yar arewacin Ingila, ba haƙora a bakinta, tana gaya mini inda ke mata ciwo da karin harshen garinsu, sannan na gane amfanin jarrabawar sauraro.

Biyu ake karɓa. IELTS, nau'in da ake kira Academic, ana son maki 7 a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu, jimilla 7. Ko OET, ana son B a karatu da sauraro da magana, C+ a rubutu. Sakamakon shekara biyu yake yi ya mutu. Tun 2023 an yi sassauci: za ki iya haɗa sakamakon zama biyu in tsakaninsu bai wuce wata 12 ba, muddin ba ki faɗi ƙasa sosai a wani ɓangare ba.

A nan ne mafi yawan mutanenmu suke maƙalewa, shi ya sa nake cewa kada ki kashe ko sisi a wani mataki kafin wannan. Ni sau biyu na zauna IELTS, rubutu yana kayar da ni, sannan na koma OET na haye. OET ta fi tsada, amma duk abin da ke cikinta na asibiti ne: a rubutu za a ba ki bayanan majiyyaci a ce ki rubuta wasiƙar tura shi wani wuri, a magana kuma ki zauna da mai kwaikwayon majiyyaci ko ɗan uwansa. Wadda ta shekara biyar tana miƙa aiki a ɗakin marasa lafiya ta riga ta san rabin abin.

Matsalarmu a rubutu ba ƙarancin kalmomi ba ce. An koya mana a makaranta cewa wasiƙa mai kyau ita ce mai doguwar gaisuwa da manyan kalmomi, mu kuma kwashe duk abin da ke cikin fayil mu zuba. Masu duba OET so suke ki tace: wa kike rubuta wa, me yake buƙatar sani, me za ki bari. In wasiƙar ta mai gashin ƙashi ce, ba ruwansa da cewa majiyyacin ya yi zazzaɓi shekara takwas da suka wuce. Ki samu wadda ta ci jarrabawar ta riƙa duba miki wasiƙa da jan biro. A sauraro kuma ki saba wa kunnenki da rediyon Birtaniya kullum, ko kina wanke-wanke.

Me ake nufi da tantancewa, kuma me ya faru da ita a 2024?

Hukumar ƙasar da za ki je ba za ta yarda da takardar da ke hannunki kawai ba. Za ta nemi hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya, NMCN, ta tabbatar mata kai tsaye cewa kina da rajista, lasisinki na da rai, ba ki da wani laifi a kanki.

A Fabrairun 2024 NMCN ta fitar da sabbin ƙa'idoji: sai mai nema ta yi aƙalla shekara biyu tana aiki bayan samun lasisin dindindin, ta kawo wasiƙar shaidar hali daga shugaban wurin aikinta da makarantar da ta gama, kuma aikin zai ɗauki aƙalla wata shida. Magatakardan hukumar na lokacin ya ce nas-nas sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. Ma'aikatan jinya sun yi zanga-zanga a Abuja da Legas, magana ta kai majalisa da kotu, shafin tantancewar ya zauna a rufe watanni, sai a Satumbar shekarar aka buɗe. Mutane da yawa sakamakon Turancinsu ya mutu suna jira, wannan kuwa asara ce ta gaske ga mai ƙaramin albashi. Don haka ki duba sanarwar NMCN ta ranar da za ki nema, kada ki dogara da abin da wata ta yi bara, kuma ki tabbata lasisinki sabuntacce ne kafin ki taɓa komai.

Sunana a fasfo ya bambanta da na takardar makaranta. Matsala ce?

Babba ma. Wannan ciwo namu ne na 'yan arewa. A takardar sakandare Aishatu, a ta makarantar jinya Aisha, a fasfo A'isha. Sunan mahaifi a nan Muhammad, a can Mohammed, a wata takardar an taƙaice shi zuwa Moh'd. Wata a makaranta sunan garinsu aka maƙala mata a ƙarshe, bayan aure kuma ta koma sunan miji. Ga ranar haihuwa da malamin firamare ya ƙirƙira. Mu mun san mutum ɗaya ce. Ma'aikacin da ke zaune a Landan ko Filadelfiya ta Amurka mutum uku yake gani.

Ni harafi ɗaya ya tsayar da ni kusan wata biyu. Kafin ki buɗe kowane shafi, ki shimfiɗa takardunki a kan tabarma, fasfo a tsakiya, ki bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa: suna, jerin sunayen, ranar haihuwa. Inda aka samu saɓani ki yi rantsuwar kotu, in canjin suna ne ki haɗa da takardar aure da sanarwar jarida. In fasfon ya kusa ƙarewa ki sabunta shi yanzu, domin da shi za ki shiga kowace jarrabawa.

Mece ce CBT?

Kashin farko ne na gwajin ƙwarewa na NMC, a kwamfuta, a cibiyoyin Pearson VUE, kuma ana yin ta a Najeriya. Kashi biyu ce: lissafin magani, tambaya 15 cikin minti 30, sai ilimin jinya, tambaya 100 cikin awa biyu da rabi. Ba ta da tsanani ga wadda ta karanta kundin ɗa'ar aiki na NMC ta kuma fahimci tunaninsu a kan yardar majiyyaci, sirrinsa, da kare yara da tsofaffi. Ana ba da dama uku.

Ki rubuta da hannunki. A 2023 NMC ta gano maguɗi a wata cibiya a Ibadan, inda aka ga mutane suna gama jarrabawar cikin lokacin da hankali ba zai ɗauka ba, alamar wani ne ke zauna musu. Ta ce akwai yiwuwar mutum 48 da suka riga suka shiga rajista da masu nema 669 sun samu sakamakonsu ta haramtacciyar hanya, ta kuma soke sakamakon duk wanda ya rubuta a wurin, har da waɗanda suka yi da guminsu. Wasu suna tsakiyar aiki a Ingila, da 'ya'yansu a makaranta, wasiƙa ta same su. Mu da ba mu taɓa taka cibiyar ba ma mun sha kallo a wurin aiki a watannin nan.

OSCE fa? An ce ita ce dodon.

Ita ce kashi na biyu na gwajin, inda ake ganin aikinki a aikace, kuma sai a Birtaniya ake yin ta, a cibiyoyi ƙalilan, waɗanda a 2022 su ne Northampton, Oxford Brookes, Ulster, Northumbria da Leeds. Yawanci asibitin da ya ɗauke ki shi zai kawo ki, ya horar da ke makonni, ya biya kuɗin zaman farko. Ana son ki zauna cikin mako 12 da fara aiki, ki kuma kammala rajista cikin wata takwas.

Tasha goma ce. Huɗu a kan majiyyaci ɗaya suke: ki duba shi, ki tsara jinyarsa, ki ba da magani, ki miƙa bayaninsa. Huɗu na aikin hannu ne, irin su wankin ciwo ba tare da gurɓata shi ba, allura, ko gwajin fitsari. Biyu na rubutu ne, a kan ɗa'a da aiki da hujjar bincike.

Ba abin da za a tambaye ki wanda ba ki taɓa yi ba. Abin da ke kayar da mu shi ne a gida mun saba yi da hannu, baki a rufe, saboda layi ya kai bakin ƙofa. A nan kuwa abin da ba ki faɗa ba, ba ki yi shi ba. Na tuna tashata ta farko. Ɗaki ƙarami, gado ɗaya, wani dattijo ɗan kwaikwayo a kwance da abin hannu mai sunansa, mai jarrabawa a kusurwa da allo, ba ta murmushi ba ta ɗaure fuska. Na tsaya a ƙofa na ce ina duba ko wurin ba haɗari. Na wanke hannu ina bin matakan ɗaya-ɗaya. Na ja labule. Na faɗi sunana, na tambaye shi nasa da ranar haihuwarsa, na gwada da abin hannunsa da fayil, na tambaye shi ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, na nemi izininsa kafin in taɓa shi. Na riƙe wuyan hannunsa minti guda cur ina kallon agogo, alhali yatsuna sun ba ni amsa tun daƙiƙa goma sha biyar. Sannan na cika takardar NEWS2, wadda ake haɗa makin numfashi, iskar jini, hawan jini, bugun zuciya, zafin jiki da farkawar majiyyaci, na faɗi jimilla da abin da ya kamata a yi a kanta. Gumi har cikin hijabina, a garin da ake sanyi.

Na faɗi tasha ɗaya, ta magani, domin ban faɗi ranar lalacewar maganin da baki ba, ko da yake na duba. Na yi kuka a jirgin ƙasa har gida. Sauƙin abin, tashar da kika faɗi kaɗai za ki maimaita, bayan aƙalla kwana goma, kuma dama uku ce. A zama na biyu na wuce. Shawarata, tun kina gida ki samu ƙawa, ki kwantar da ita a kan gado, ki sa agogo, ki yi ta yi kina magana har bakinki ya saba.

Nawa zan tanada?

A lokacin da na yi nawa, kuɗin NMC su ne fam 140 na duba takardu, fam 83 na CBT, fam 794 na OSCE, fam 153 na shiga rajista, jimilla fam 1,170. Maimaita wani ɓangare na OSCE fam 397. A kan wannan ki ɗora jarrabawar Turanci, wataƙila fiye da sau ɗaya, da kuɗin tantancewa, fasfo, takardar shaidar hali ta 'yan sanda, gwajin tarin fuka a cibiyar IOM, hukumar ƙaura ta duniya, ta Abuja ko Legas, da kuɗin mota da masauki. Ban juya su zuwa naira ba domin kafin ki karanta canji ya motsa.

Ba a rana ɗaya ake biya ba, wannan shi ne rahamar abin. Ni da adashi na yi, mataki-mataki. Asibitoci da yawa suna biyan OSCE da biza da tikitin jirgi, wasu har su mayar miki da kuɗin Turanci da CBT. Amma ki karanta kwantiragin da kyau, domin galibi akwai sharaɗin in kin bar su kafin shekara biyu ko uku za ki mayar da wani kaso. Ki san adadin kafin ki sa hannu.

An ce an hana ɗaukar nas daga Najeriya. Gaskiya ne? Kuma ina buƙatar ejan?

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin ƙasashen da ke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, ƙasa 55 a jerin 2023, ciki har da Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan. Birtaniya ta sa su a abin da take kira jan jeri. Ma'anarsa asibitoci da kamfanonin ɗaukar ma'aikata ba za su zo su yi farautarki ba. Ke kuwa ba a hana ki neman aiki da kanki ba, kai tsaye, a shafin NHS Jobs, na asibitocin gwamnatin Birtaniya, ko na asibitin.

To kin ga matsayin ejan ke nan. Wanda ya ce shi wakilin asibitin Ingila ne a Kano ko Kaduna, ko dai ƙarya yake yi ko yana karya ƙa'ida. A dokar Birtaniya haramun ne kamfani ya karɓi kuɗi a hannun mai neman aiki don ya samo masa aiki, takardar ɗaukar nauyi da asibiti ke bayarwa don neman biza kuma ba ta sayarwa ba ce. Dattijon da na ambata a farko, wannan ce amsar da na ba shi. 'Yarsa yanzu tana shirin OET, gonar kuma an shuka gero a cikinta bana.

Gaskiya ɗaya kuma: tun daga 2024 ɗaukar nas-nas daga waje ya ragu ƙwarai a asibitocin gwamnatin Ingila. Akwai masu CBT a hannu da suka aika takardar neman aiki sama da ɗari. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kada ki ajiye aikinki na gida sai biza ta fito.

In shiga da bizar kula da tsofaffi mana, in gyara daga baya?

Wannan ƙofar ta rufe. Tun Maris 2024 aka hana masu wannan biza tafiya da iyali, a Yulin 2025 kuma aka daina ɗaukar sababbi daga waje. Mutane da yawa sun biya miliyoyi, suka sauka suka tarar ba aikin. Wanda ya tallata miki ita yau, damfara ce.

Amurka fa?

Hanyarta ta fi tsawo, albashinta ya fi yawa. Babu lasisin ƙasa baki ɗaya, kowace jiha da hukumarta da sharuɗɗanta, don haka jiha za ki fara zaɓa. Yawancinsu za su ce wata cibiya ta auna karatunki, wadda aka fi sani ita ce CGFNS da ke Filadelfiya, da ta koma TruMerit a 2025. Makarantarki ce za ta aika musu da bayanin darussa da awannin aikin asibiti kai tsaye, suna neman jinyar manya, ta yara, ta masu haihuwa, da ta masu taɓin hankali. Bibiyar wannan takarda a makaranta aiki ne mai zaman kansa, ki samu wani a garin da zai riƙa leƙa ofishin.

Sai jarrabawar NCLEX-RN. Kwamfuta ce ke auna ki tana tafiya: in kin amsa daidai ta ƙara nauyi, in kin kuskure ta sassauta, har ta gamsu. Tambaya 85 zuwa 150, awa biyar iyaka. Tun Afrilun 2023 aka sabunta ta, aka ƙara labaran majiyyata masu gwada yadda kike yanke shawara. Rajista dala 200, da ƙarin dala 150 ga mai rubutawa a wajen Amurka, wadda ta faɗi kuma sai ta jira kwana 45. Shekara da shekaru 'yan Najeriya sai sun yi tafiya suke rubuta ta, zuwa Afirka ta Kudu, Indiya, Filifin ko Landan, ki sa wannan a lissafi.

Cin NCLEX ba biza ba ne. Akwai takardar VisaScreen ta tantance takardunki domin biza, sannan asibiti ya nema miki bizar zama ta EB-3, wadda layinta kan ɗauki shekaru, ga shi tun 2025 Amurka tana ta taƙaita biza ga 'yan ƙasashen Afirka da dama. Ki kuma yi nesa da masu sayar da takardar makarantar Amurka. A Janairun 2023 hukumomin can suka tona asirin wasu makarantu a Fulorida da suka sayar da takardun jinya na bogi sama da 7,600, jihohi suka bi masu su suna ƙwace lasisi.

Ni Saudiyya nake so, kusa da Harami.

Da yawa daga cikinmu can zuciyarsu take, kuma iyaye da mazaje sun fi sakin jiki da ita. Hukumarsu SCFHS ce, ana nema ta shafin Mumaris Plus. Kamfanin DataFlow zai bi takardunki har tushe, makaranta da hukuma da wuraren da kika yi aiki, sannan ki rubuta jarrabawa a cibiyar Prometric. Suna son gogewar aiki, kuma matsayin mai digiri ya fi na mai difloma, albashi ma haka. Ba a cire harajin albashi, sau da yawa da masauki. Sai dai kwantiragi ne, ba ya kai ki ga zama ɗan ƙasa, kuma tafiya da iyali ta danganta da abin da aka rubuta. Ki tabbatar da sunan asibitin da garin. Wata ta sa rai da Madina ta tsinci kanta a wani ƙauye kusa da iyakar Yaman.

Mu 'yan Nijar da muka yi karatu da Faransanci fa?

Faransa ba ta karɓar takardar jinya ta ƙasashen da ba na Tarayyar Turai ba kai tsaye, sai an bi ta makarantar jinyarsu an samu takardar ƙasar. Kebek ta Kanada da Faransanci take aiki, hukumarta OIIQ, tana auna karatu ta kuma sa a yi horon cike giɓi. Mai son Birtaniya kuma hanyar da na zayyana ce, da fassarar takardu daga mai fassara da aka amince da shi.

Za a bar ni in sa hijabi? Salla fa? Jinyar maza fa?

Hijabi ba matsala, ƙarami mai tsafta da ake cusawa cikin riga, ba mai saukowa kan majiyyaci ba. Inda ake samun taƙaddama shi ne hannu: ƙa'idarsu daga gwiwar hannu zuwa ƙasa a buɗe yayin taɓa majiyyaci, saboda wankin hannu. Ƙa'idar tufafi ta NHS ta yarda da hannun riga na leda da ake yarwa bayan kowane majiyyaci, ki tambayi shugabar ɗakinku. Yawancin asibitoci suna da ɗakin ibada. Da hunturu azahar da la'asar da magariba kan faɗo cikin aiki ɗaya, sai ki tsara hutunki da abokan aiki tun da safe. Ban taɓa neman minti goma na salla an hana ni ba, sai dai a ce in jira a gama rabon magani.

Jinyar maza kuwa za ki yi, har wanka da kama ruwa. A gida 'yan uwan majiyyaci ne ke yin wannan, suna kwana a ƙarƙashin gado da flas da tabarma. A nan ba mai jinya, ke ce. Ki yi wannan magana da kanki, da maigidanki, da malamin da kika yarda da shi tun kafin ki biya kuɗin jarrabawa. Akwai ɗakunan mata da na haihuwa da na jarirai, amma ba a yi wa sabuwar zuwa alkawarinsu.

Zan iya tafiya da maigida da yara? Albashin zai riƙe mu?

Nas mai bizar ma'aikatan lafiya tana iya kawo miji da 'ya'yan da ba su kai 18 ba, kuma an ɗauke musu kuɗin inshorar lafiya da sauran baƙi ke biya. Kafin ki ci OSCE a matakin mataimakiya za a biya ki. Bayan rajista sai matakin albashi na 5, wanda a Afrilun 2025 a Ingila ya fara daga fam 31,049 a shekara, a kan awa 37 da rabi a mako. In aka juya shi naira sai kai ya yi nauyi. Amma kafin ya iso hannunki an cire haraji da inshorar ƙasa da fansho, sannan haya, harajin ƙaramar hukuma, wuta da gas na ɗumama ɗaki.

Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne reno. Ba kaka, ba ƙanwar miji, ba maƙwabciyar da za ki miƙa wa yaro ta katanga. Kina aikin awa 12, dare uku a jere, dole wani ya kai yara makaranta ya ɗauko su. Gidajen da na ga sun zauna lafiya su ne waɗanda maigida ya san tun daga gida cewa zai yi girki, zai yi wa yara wanka, kuma wataƙila aikin da zai fara samu bai kai wanda ya bari ba. A zauna a faɗi wannan a fili, gaban manya in da hali.

Ba cin amana ba ne mu bar asibitocinmu?

Wannan tambayar ba ta bar ni ba har yau. Na san ɗakin da na bari: gado talatin, nas biyu da dare, wani lokaci da fitilar waya muke neman jijiya. Da na tafi, wadda muke kwana tare ta koma ita da ɗaliba. Arewa ce ta fi kowa ƙarancin ma'aikatan jinya, matanmu ne ke mutuwa wurin haihuwa, ba zan ce tafiyata ba ta rage komai ba.

Ba kuma zan ɗora wa yarinyar da ke bin albashin wata uku laifi ba don ta nemi inda za a biya ta. Abin da nake roƙo shi ne a fita ta ƙofa. In gwamnatin jiha ce ta ɗauki nauyin karatunki da sharaɗin yi mata aiki, ki cika shekarun ko ki biya. Ki ba da sanarwar ajiye aiki yadda doka ta ce, kada ki ɓace ranar da sunanki ke kan jadawalin dare, kuma kada ki bar sunanki yana karɓar albashi kina waje. Wasiƙar shaidar halin da za ki nema gobe, a hannun waɗannan mutanen take.

In na samu lambar rajista, shi ke nan?

Akwai kuɗin shekara-shekara, fam 120 ne lokacin da na shiga. Duk shekara uku kuma sai kin sabunta rajista: shaidar aikin awa 450, karatun ƙarin sani na awa 35, ra'ayoyi biyar daga majiyyata ko abokan aiki, da rubutu biyar na waiwaye a kan aikinki, wata nas mai rajista ta zauna da ke ku tattauna su. Ki buɗe fayil tun watan farko ki riƙa jefa takardu a ciki. Lasisinki na Najeriya ma ki ci gaba da sabunta shi a kan kari. In kin tashi neman Amurka ko Kanada ko Saudiyya daga baya, za su nemi shaida daga kowace hukumar da ta taɓa yi miki rajista, in kuma gida kika dawo, da shi za ki koma bakin aiki.